Nawa Ne

Ranar da aka liƙa sunan Gwangwala a jikin akwatin kayansa a ɗakin canza kaya, sai da ya ɗauki hoton wajen sau bakwai. Farar takarda ce mai gam, irin wadda farce ɗaya ke ɓarewa, an rubuta sunan da hannu har an karkace, amma shi ko a jikinsa. Ya tsaya ya ɗauka, ya durƙusa ya ɗauka, ya sa abokinsa Mazari ya ɗauke shi yana nuna takardar da yatsa, baki har kunne. Duka bakwai ɗin ya tura wa mahaifiyarsa. Abin da ta mayar masa kawai shi ne ko yana cin abinci kuwa, don ita a hoton ta ga wuyansa ya ƙara tsawo.

Shekararsa sha tara, tsayinsa ya haura mita biyu, ga shi siriri ba tsoka, shi ya sa sunan Gwangwala ya bi shi tun yana makaranta. A mako guda duk wata ƙofa da ke ginin nan ta san goshinsa. Amma wa ya damu da goshi? Yaron da ya taso yana buga ƙwallon kwando a kan siminti cikin rana, kwandon ma babu raga, yau ga shi a kan katako mai sheƙi, an ba shi takalmi sabo fil, an ba shi tawul biyu, har ruwan sha sai an tambaye shi mai sanyi yake so ko marar sanyi. Kullum ya shigo zauren sai ya ji kamar ya yi ta tsalle ba dalili, wani lokacin ma yakan yi.

Ƙungiyar kuwa ba don alheri ta kwaso su ba. Kaka biyu a jere ta yi tana share ƙasan teburin gasa, har masu ita suka gaji. A wata ɗaya suka sayar da manyan 'yan wasa shida, suka sallami koci suka ɗauko wani, suka bi makarantu da ƙananan ƙungiyoyi suna tsintar yara masu tsayi da masu gudu. Su a bakinsu sabon gini ake yi. Magoya baya dai gidan raino suke kiran wurin.

Mutum ɗaya ne ya rage daga cikin tsofaffin, shi ma don babu wanda ya taya shi: Kawu. Ƙanen mahaifiyar Gwangwala ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne autansu. Shekararsa talatin da shida, sha huɗu daga ciki a rigar ƙungiyar nan ya yi su, kuma gwiwarsa ta hagu in ya miƙe daga benci takan yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Tun da yaran suka ji Gwangwala na ce masa Kawu, su ma duk suka ɗauka. Har Koci, wani ɗan gajere mai usur a wuya wanda ba ya dariya kafin azahar, rannan bakinsa ya suɓuce ya ce Kawu.

Kocin nan bai ɓoye musu komai ba. A ranar farko ya tara su ya ce su sha biyar ne, mutum sha biyu za a yi wa rajista, kuma Juma'ar mako na uku zai liƙa sunaye. Dogaye masu tsaron ƙarƙashin kwando biyu kawai yake buƙata. An riga an ba wani ƙato gurbi ɗaya, wanda yaran ke kira Firiji saboda faɗinsa da kuma rashin maganarsa. Saura ɗaya ke nan. Babu wanda ya juya ya kalli kowa, amma kowa ya san lissafin: ko Gwangwala, ko Kawu. In Gwangwala ne ya rasa, zai koma kan simintinsa. In Kawu ne, to wasa ya ƙare masa ke nan har abada.

Gwangwala ya ji maganar sarai. Sai ya ninke ta ya ajiye can ƙasan zuciyarsa, ya koma yana shafa sabon takalminsa.

Koci yana da doka guda da ba ya wasa da ita. Duk ƙwallon da aka jefa bai shiga ba, ya bugi bakin kwando ko allo ya dawo, wanda zai tashi ya cafke shi sai ya ɗaga murya ya ce nasa ne. Ya ce ya kalli wasannin bara duka, ya ga manya biyu 'yan gida ɗaya suna karo a sama a kan ƙwallo ɗaya, ko kuma kowa ya bar wa kowa har baƙo ya zo ya ɗauke. Shi ba ya son ɗan wasa mai shiru. Tun daga ranar zauren ya zama kamar tasha, ko'ina "Nawa ne!" kake ji, har yaran da ba su kai kafaɗar Firiji ba.

To a nan Gwangwala ya gamu da tasa. Kalmar nan a takarda ɗaya ce, amma a baki hanya biyu gare ta. In ka ja ta ka dire ta da ƙarfi, ka ce abu mallakinka ne. In ka sassauta ta, ka ɗaga mata wutsiya, to farashi kake tambaya. Shi kuwa in da wani yaro yake takara, yakan ɗan yi gunaguninta ta fita ko yaya. Amma da zarar ya ji kafaɗar Kawu a jikinsa sai muryar ta narke. Mutumin nan ne ya ɗora shi a wuya yana ɗan shekara shida don ya kai ga kwando. Shi ya saya masa takalmin wasa na farko, da na biyu, da na ukun da ƙafar ta fi ƙarfinsa a wata huɗu. A gida ko hannu ba ya sa wa a faranti sai Kawu ya fara. Yanzu a ce ya buɗe baki a kunnen wannan mutum ya yi masa ihun mallaka?

A atisaye na uku ƙwallo ya bugi allo ya taso daidai kansa. Ya tashi, Kawu ma ya tashi. Hannunsa ya riga na Kawu da taƙi guda cur. Sai aka ji wata 'yar siririyar murya cike da ladabi ta fito daga can sama.

"Nawa ne?"

Kawu ya fizge ƙwallon ya sauko da abinsa. Can daga ɗaya ƙarshen filin Mazari, ɗan mitsitsin mai raba ƙwallo wanda bakinsa ya fi ƙafarsa sauri, ya haɗa hannu a baki ya ce albarka. Wani yaro da ake kira Lauya, saboda bai taɓa yarda ya yi laifi a fili ba, ya ƙara da cewa a ɗan ƙara dai, kayan mai kyau ne, jiya aka sauke. Shi ke nan, atisaye ya watse. Wasu suka kwanta a kan katako suna riƙe ciki. Firiji da ba a taɓa jin sautinsa ba aka ga kafaɗunsa suna rawa. Koci ya busa usur har sau uku, na ukun bai fita da kyau ba, don shi ma abin ya kusa cin ƙarfinsa.

Daga ranar Gwangwala bai ƙara samun sukuni ba. Ya miƙa hannu zai ɗauki tawul, a ce masa an riga an taya. Ya zauna a benci, a ce ba a zama sai an yi ciniki. Shi ma dariya yake yi, don ba shi da riƙo, kuma a gaskiya yana jin daɗin yadda aka san da shi. Kawu ne kaɗai bai taɓa sa baki a tsokanar ba.

A mako na biyu wata jarida ta yi dogon sharhi a kan yaran sabon ginin, ɗaya bayan ɗaya, wa zai kai labari, wa zai koma gida. Mazari ya hau kan benci a ɗakin canza kaya da waya a hannu yana karantawa da muryar mai labaran rediyo. An ce shi Mazari nan da shekara uku za a san shi a ko'ina, sai ya tsaya ya karanta layin sau uku, ya nemi a yi masa tafi. An ce Lauya yana da hannu mai kyau in zai bar alƙalan wasa su huta, nan take Lauya ya fara musu da jaridar. Ɗakin ya kaure, yara suna ta rabon duniya: wannan ya ce jirgi zai riƙa hawa zuwa atisaye, wancan ya ce zai gina wa babarsa gida mai hawa uku da kwando a tsakar gida. Da aka zo kan Gwangwala, Mazari ya gyara murya. An rubuta cewa yana da tsayi, yana da dogon hannu, yana da tsalle, kuma a duk yaran babu wanda Allah ya yi wa baiwa kamarsa, sai dai ba shi da baki, kuma ƙarƙashin kwando ba wurin masu kunya ba ne.

Rabin farko ya sa shi jin kamar ya tashi sama. Rabin ƙarshen ya bi shi har gida.

Ranar hutu Kawu ya zo gidan su Gwangwala cin abincin rana kamar yadda ya saba. Mahaifiyar Gwangwala tela ce, falon nata rabi kujeru rabi yadi, sai da aka kwashe wasu ɗinkuna daga kan tebur aka samu wurin faranti. Tun farko ta kafa musu sharaɗi cewa ba a kawo mata maganar gurbi a gidanta. Ta ce ita ta goya Auta, ita ta goya wannan dogon banzan, bayanta bai san bambanci ba. Addu'a kuwa duka biyun take yi wa, in ya so a warware a can sama, ita ba ta da hannu.

Aka ci aka ƙoshi, ya rage tsokar nama ɗaya a tsakiyar faranti. Gwangwala ya janye hannu kamar kullum. Kawu ya dube shi, ya dubi naman, ya ce nasa ne, a dire, ba wutsiya, ya jefa a baki. Mahaifiyar ta yi dariya har da tari, ta tashi ta shiga kicin ɗebo ruwa.

Nan Gwangwala ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya kwana biyu yana juyawa. Ya ce yana ganin zai je ya gaya wa Koci idon sawunsa na ciwo. Shi yaro ne, yana da lokaci, baɗi ma shekara ce.

Bai taɓa ganin fuskar Kawu ta canza haka ba. Kawu ya ajiye cokali a hankali.

"In ka yi haka, kar ka ƙara gaishe ni," ya ce. "Ni ba maroƙi ba ne da za ka ba ni sadakar gurbi. Kuma ka saurara da kyau, kar ka ɗauka ni zan bar maka. Akwai sauran shekara ɗaya a gwiwar nan, ina son in ci abata. Ina son wurin nan fiye da yadda kake zato. In kana so, ka zo ka ƙwata."

Mahaifiyar ta dawo da ruwa, ta dubi wannan ta dubi wancan, ta tambaya ko an taɓa maganar da ta hana. Duka biyun suka ce a'a, zancen gwiwa suke yi.

Mazari ne ya ɗauki nauyin gyaran muryar, ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Ya ce shi bai ga amfanin ya zama shahararre ba in babu dogon da zai riƙa ciro masa ƙwallo daga sama. Bayan kowane atisaye sai ya ja Gwangwala zuwa matattakalar bayan gini, inda murya ke amsa kuwwa, ya hau sama ya riƙa sako masa abubuwa: tawul, gorar ruwa, takalmin Lauya. Kowanne sai ya yi masa ihu kafin ya cafe. A matattakala kam abin ya yi kyau, har mai gadi ya taɓa hawowa da sanda yana tambayar wa aka yi wa sata. Suka gwada a ɗakin cin abinci, Gwangwala ya tsaya gaban farantinsa ya buɗe baki, amma da ya haɗa ido da dattijuwar da ke rabon abincin sai kalmar ta sake yin wutsiya. Matar ta ce masa kyauta ne ɗana, ƙungiya ta biya. Mazari ya dafe kai ya ce shi dai ya yi iya yinsa, sauran sai Allah.

Ranar Alhamis da la'asar, jajibirin liƙa sunaye, Koci ya raba su gida biyu don wasan gwaji na ƙarshe, farare da baƙaƙe, aka buɗe ƙofa ga duk mai son kallo. Mutane suka zo fiye da yadda aka zata, yawancinsu don su ga abin dariya a gidan raino. Gwangwala da Mazari suna cikin farare. Kawu yana cikin baƙaƙe, kuma Koci ya ce su biyun su tsare juna daga farko har ƙarshe. Ya ja kujera ya zauna a gefe da ɗan littafinsa.

Rabin farko dai makaranta Kawu ya buɗe. Tsohon nan ba ya tsalle sosai yanzu, amma ya san inda ƙwallo zai faɗo tun bai bar hannun mai jifa ba. Ya sa ƙugu ya ture yaron, ya sa gwiwar hannu a haƙarƙari daidai inda alƙali ba ya gani, ya taka masa ƙafa a daidai lokacin tashi. Kowane karo kuma Gwangwala ne ke cewa sannu Kawu. Da aka tafi hutu, Kawu ya ciro ƙwallo takwas daga sama, Gwangwala biyu, su ma don sun faɗo masa a hannu ne.

Gwangwala ya zaci Koci zai yi masa faɗa. Da ma faɗan aka yi, da ya fi sauƙi. Koci ya yi wa Mazari magana, ya yi wa Lauya, ya zo daidai kansa ya ɗaga ido ya dube shi, ya rubuta wani abu gajere a littafin, ya wuce. Gwangwala ya koma benci ya zauna. A zaune a bencin nan, tawul a ka, ya ga simintin nan da ranarsa ƙiri-ƙiri, ya ji tsoro na gaske. Ashe yana son wurin nan. Ba takalmin ba, ba ruwan sanyin ba, wasan kansa yake so, a nan, tare da waɗannan mahaukatan yaran. Bai taɓa yarda ya faɗa wa kansa haka ba sai yanzu.

Aka dawo. Ƙwallo na farko ya bugi bakin kwando ya taso, suka tashi tare, kalmar ta sake fitowa a sanyaye, Kawu ya sake fizgewa. Da suka sauko, kafin ya miƙa ƙwallon, Kawu ya matso da bakinsa daidai kunnen yaron. Mutumin da mako biyu ana tsokana bai ce uffan ba.

"Albarka," ya ce a hankali, ya wuce.

Ihun yara sha uku bai taɓa yi masa zafi ba. Wannan kalma ɗaya daga bakin Kawu ta shige shi har ƙashi. Kunnuwansa suka ɗau zafi, ya bi bayan Kawu da gudu yana jin wani abu na tasowa daga ciki wanda bai san yana da shi ba.

Lauya, da ke cikin baƙaƙe, ya yi jifa daga nesa, ƙwallon ya bugi ƙarfe ya yi sama sosai. Gwangwala ya sa ƙugu ya ture, irin turin da aka yini ana yi masa, ya tashi. Abin da ya fito daga bakinsa ba na matattakala ba ne ma, ya fi shi.

"Nawa ne!"

Firiji da ke kusa sai da ya duƙa. Wata mata a layin gaba ta zubar da lemonta. Gwangwala ya sauko da ƙwallon a ƙirji, gwiwoyin hannu a buɗe, ya duba ƙasa ya ga Kawu zaune daɓas a kan katako. Saura kaɗan ya ajiye ƙwallon ya miƙa hannu. Sai ya hango Mazari can ya yi nisa shi kaɗai yana ɗaga hannu yana tsalle kamar wanda mota za ta bari. Ya wurga masa daga wannan ƙarshen zuwa wancan, Mazari ya cafe ya zura. Zauren ya ɗauka gaba ɗaya.

Daga nan kuma sai abin ya zama hauka. Bakin da aka yi mako biyu ana roƙo ya buɗe, yanzu ya ƙi rufuwa. Ya yi wa ƙwallon da ya dawo ihu, ya yi wa wanda ya riga ya shiga raga ihu, ya yi wa wanda ya fita waje yana hannun alƙali ihu. 'Yan kallon da suka zo dariya suka kama amsa masa, duk tashin da zai yi sai zauren ya faɗa tare da shi. Mazari yana gudu yana dariya har ya kasa numfashi. Gwangwala ji yake kamar ba katako a ƙarƙashinsa, kwandon ma ya matso ƙasa don shi. Farin ciki ne zalla, irin wanda bai taɓa ɗanɗanawa ba.

Kawu bai bar masa ko taƙi ba. Ya tashi ya karkaɗe wando ya dawo da duk dabarar da ya tara a shekara sha huɗu, ya ƙwace uku a cikin hayaniyar nan. Saura minti biyu ya karɓi ƙwallo a ƙarƙashin kwando, ya juya baya, ya yi ɗan lanƙwasar nan tasa ya saki da hannu ɗaya ta saman kai, jifan da ya ci da shi shekara da shekaru, wanda shi da kansa ya koya wa yaron a bayan gida. Gwangwala ya san jifan kamar tafin hannunsa. Ya kuma ga yadda ƙafar hagun ke jan ƙasa, ya ga tsohon yana haki ta baki. Ya gani sarai, kuma ya tashi. Tafin hannunsa ya mari ƙwallon har sai da ya faɗa layi na uku na 'yan kallo.

Aka tashi yana da sha huɗu, Kawu sha ɗaya. Yara suka yi masa caa, Mazari ya ɗare bayansa yana ce wa jama'a shi ne malaminsa. Da ya samu ya waiga, Kawu ya riga ya shige ɗakin masu duba rauni.

Juma'a da safe Koci ya liƙa takardar a jikin ƙofar zaure ya yi tafiyarsa. Yara suka ruga suna ture juna. Gwangwala ba ya buƙatar turi, ta saman kawunansu ya karanta. Sunansa ne na sha ɗaya. Ya karanta ya sake karantawa, ya daka tsalle har kansa ya daki saman ƙofar, bai ma ji ba. Mazari na ciki, Lauya na ciki. Suka rungume juna suna juyi a barandar kamar yaran firamare, Lauya yana cewa shi da ma ya sani, Mazari yana rantsuwa cewa nan da shekara uku kofi zai kwana a ginin nan. Yara biyun da ba su ga sunansu ba suka zame a hankali. Sai da juyin ya lafa Gwangwala ya koma ya bi takardar tun daga sama har ƙasa, a hankali wannan karon, ko da yake ya san abin da ba zai gani ba.

Ya sami Kawu shi kaɗai a ɗakin canza kaya, cikin kayan gida, jakarsa a ɗaure a gefe. Ya tsaya a bakin ƙofa, duk tsayin nan ya rasa inda zai sa shi. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, Kawu ya ɗaga masa hannu ya ce kar ya soma. Ya tambaye shi ko ya gaya wa uwarsa. Ya ce a'a. Ya ce to ya kira ta yanzu, a gabansa.

Bugu ɗaya ta ɗauka, da alama wayar na hannunta tun safe. Da ya gaya mata, ihun murnarta har Kawu ya ji daga inda yake zaune, ana jin keken ɗinki ya tsaya, ana jin tana kiran maƙwabciya. Can sai murnar ta yanke a tsakiya. Sannan ta ce ya ba ta Auta.

Kawu ya karɓi wayar ya miƙe, ya je bakin taga ya juya masa baya.

"Lafiya lau, Yaya. A'a, ban bar masa ba, wallahi da gaske na yi." Ya ɗan saurara. "Ya fi ni, shi ke nan. Jiya na gani da idona. Ina ƙasa a zaune ina kallonsa a sama, daɗi kamar ya kashe ni, kuma ban taɓa jin ciwo irin wannan ba."

Muryarsa ta karye a ƙarshen, ya yi gyaran murya ya ci gaba da sauraron yayarsa. Idon Gwangwala ya cika. Yana murna, murnar ba ta tafi ko'ina ba, kuma yana jin kamar ya yi wa mutumin nan fashi da rana tsaka.

Daga zaure aka ji usur, atisayen farko na mutum sha biyu. Gwangwala bai motsa ba. Kawu bai juyo ba, ya dai yi masa alama da bayan hannu cewa ya tafi. Usur ya sake kaɗawa, ya tafi.

A fili yara sai zumuɗi suke yi, kowa na jin kansa sabo. Koci ya ƙirga su, ya ce dogaye su yi layi a ƙarƙashin kwando a fara da su. Gwangwala ya je ya tsaya taku ɗaya baya da layin, hannu a ƙugu, yana jiran a shiga gabansa kamar kullum. Ya jima a haka. Sai da Firiji ya sa kafaɗa ya tura shi gaba, sannan ya gane babu wanda zai shiga.